Pandana da Almakashin Ukhti Sumayya

To 'yan guruf, ga shi nan, ku huta. Tun ranar da na sauka wayata ba ta yi sanyi ba. "Nusy ya Masar?" "Nusy kin hau raƙumi?" "Nusy ina hotunan dala?" Ban hau raƙumi ba. Dala kuwa ko daga nesa ban hango ta ba. Kwana tara na yi a Alƙahira, uku a ciki da allura a hannu ina sharar hawaye. Sau ɗaya zan rubuta, kowa ya karanta, kar wanda ya sake tare ni a bakin aji.

Saboda waɗanda suka shigo guruf ɗin kwanan nan, bari in fara daga farko. Ni mayyar panda ce. Jakata panda, murfin wayata panda, silifas ɗin wankana panda. Umma har yau ba ta yarda da sunan ba, "magen nan mai kwalli" take ce masa. Kuma kafin wani ɗan iya-yi ya taso, eh na sani, asalinsa ɗan China ne. Amma Japanawa ne suka ba shi aiki. A wajensu panda yana tallar biskit, yana tallar maganin mura, yana sa hular direban jirgin ƙasa yana nuna wa mutane inda za su tsaya. Shinkafar da yara ke tafiya da ita makaranta ma sai an dunƙula ta an yi mata ido da kunne. Tun ina sakandare nake ƙona data a kan tallace-tallacen nan, ko kalma ɗaya ba na ji, ina ta ƙyalƙyala dariya ni kaɗai.

A garin wannan yawon na ci karo da Sensei, wato malama da yarensu. Dattijuwa ce Bajapaniya, mijinta injiniya ne a Alƙahira, suna zaune a unguwar Mohandessin. Duk Asabar tana koyar da saƙar kwarashi ta bidiyo, kyauta, irin 'yan tsanan nan nasu masu ƙaton kai. Ɗalibanta duk 'yan matan Masar ne, ni kaɗai ce daga waje. Shekara uku fa. A ɗauke wuta, netuwok ya tsinke, fuskata ta daskare a wayarta bakina a buɗe, amma sau ɗaya tak na yi fashi.

Ranar da na gama jarrabawar zango ta sanar cewa mijinta ya gama aiki, ƙarshen wata za su koma gida, za ta yi wa ɗalibanta shayin bankwana. Na kama Abba da magiya safe da yamma. Abin da ya cece ni shi ne Yaya Hafsa, 'yar Baffana, tana karatu a can, akwai wajen sauka. Da Abba ya ce "Allah ya kiyaye hanya," tsallen da na yi sai da na kifar da kofin Umma.

Abu ɗaya ne ya kai ni: in sa Oga a hannun Sensei. Oga shi ne babban pandana, saboda tumbinsa na sa masa sunan. Wata huɗu na yi a kansa. Su ƙananan, kai daban ake saƙawa, jiki daban, sai a haɗa da allura. Shi kuwa jiki da kai tafiya ɗaya ce, daga ƙasa har sama babu haɗi. Shi ne darasin da ya fi kowane wahala, a ajinmu kaf ba wadda ta kai ƙarshensa. Ni na kai. Kuma ban nuna mata a bidiyo ba, so nake ta gani da idonta, ta taɓa da hannunta. Na ƙara da ƙanana goma sha ɗaya, kowanne da sana'arsa, wani direba wani mai tallar burodi, tsarabar 'yan ajin.

Kuskuren farko: Umma ta faɗa wa mutum ɗaya zan yi tafiya. Mutum ɗaya! Kafin kwana biyu duk wata uwa mai ɗa ko 'ya a Masar ta san ƙofar gidanmu. Kowacce da ƙullinta, kowacce da baki ɗaya: "Ɗan saƙo ne, ba nauyi." Kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, kilishi, man shanu a galan, daddawa. Da na fara ƙunƙuni Umma ta kalle ni sama da ƙasa.

"'Ya'yan mutane suna can suna karatun addini, ke za ki kai wa Bajapaniya mage. Ɗan yajin ne zai gagare ki?"

Na cire takalmana biyu da doguwar rigata mai duwatsu, na ba wa kuka waje.

A filin jirgin Kano aka auna, akwatin saƙo ya zarce kilo. Haka muka baje shi a ƙasa gaban jama'a, ni da Abba, muna rabon kaya kamar 'yan gwanjo. Layi yana matsowa, mutumin bayana yana tsaki. A cikin wannan rikicin Abba ya ɗauki ƙullin daddawa ya cusa a ƙaramin akwatina, tsakiyar pandas. Ban lura ba. A jikin ƙullin an rubuta "Sumayya, ɗakin su Hafsa." Ku riƙe sunan.

A jirgi kam na sha shagali. Kujerar taga, na ɗauki gajimare bidiyo har wayata ta yi zafi. Wata Hajiya a gefena za ta asibiti ne a duba mata gwiwa, ta tambaye ni wane fanni zan karanta. Na ce ba karatu ba ne, malamar saƙa zan je gani.

"Saƙa? Duk matan Kano an rasa mai koya miki sai kin hau jirgi?"

Ta karɓe burodina ta ce ai yara ba kwa ci.

Da muka sauka, biza ba matsala, a wajen kwastan aka yi wasan. Jami'in ya zuge zif ɗin ƙaramin akwatin, sai da ya ja baya taku ɗaya. Awa shida daddawa tana kulle da ulu. "Eh da?" Wato mene ne wannan. Na ce abinci. Bai yarda ba, ya kira abokin aikinsa, su biyu suna shinshinawa suna kallon juna. Ɗayan ya ɗaga Oga, ya matsa tumbinsa, ya kai hanci, ya runtse ido. Sannan ya mayar da shi a hankali, ya shafa masa kai, ya ce min "ma'alish." A nan na fara jin kalmar. Ma'anarta yi haƙuri, ba komai, ƙaddara ce, duk a haɗe. Kafin in bar garin sai da na tsane ta.

Yaya Hafsa na jirana a waje, muka yi ihu muka rungume juna har mutane na juyowa. Tasi kuma, jama'a, na daina zagin 'yan adaidaita. A can hon shi ne birki, hon shi ne sigina, hon shi ne sallama. Direban yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da kofin shayi, yana faɗa da wani ta taga. Na karanta duk addu'ar da na iya, na dawo na maimaita.

Suna zaune a unguwar Abbasiya, hawa na shida. Akwai lif, amma da makulli yake tashi, kuma ɗalibai ba su da shi. Haka muka ja man shanun mutane har sama. Abin da ya burge ni, ba mai sauka sayen burodi. Kwando ake zurawa da igiya daga baranda, a ƙwala wa mai kanti kira, ya zuba, a janyo. Na ce wannan dabarar sai na kawo ta gida, sai na tuna gidanmu ba bene.

Gidan ɗaki biyu ne da ɗan falo marar taga. Ɗaya a kulle, masu shi sun tafi hutu da makullin. Ɗayan na Yaya Hafsa ne da Ukhti Sumayya, aka shimfiɗa min katifa a tsakiya. Ukhti, wato 'yar'uwa, haka suke kiran juna. Sumayya 'yar Zariya ce, shekarar ƙarshe a fannin shari'a, doguwa, maganarta a hankali kamar ba ta son ta tashi wani. Ba zan yi mata ƙarya ba: ta karɓe ni hannu biyu. Da na miƙa mata ƙullin mamanta ta shinshina, idonta ya kawo ruwa. Ranar ta yi mana tuwo miyar kuka, ta ba ni matashinta mai laushi ta ɗauki mai tauri. Da muguwa ce da abin ya fi min sauƙi.

Abincin garin kuwa, da safe wake, ful suke ce masa, an dame shi da mai. Da rana koshari: shinkafa, taliya, makaroni, wake, soyayyar albasa, duk a kwano ɗaya, kamar an share kicin an zuba maka. Na ce wa Yaya Hafsa wannan garau-garau ne da ya rasa mai tsawata masa. A rana ta biyu ni ce mai neman ƙari.

Matsalata warin nan. Shayin Sensei ranar Asabar ne, ba zan kai mata panda mai warin daddawa ba. Wanki zai ɓata audugar ciki, sai dai iska. Na nufi baranda, Yaya Hafsa ta ce kar in soma, ga ƙura ga tattabaru. Don haka ranar Talata na jera su a bakin tagar ɗaki, su goma sha biyu, Oga a tsakiya. Sun yi kyau har na sa su a sitatus, wasunku sun gani.

Sumayya ta shigo, ta tsaya, ta daɗe tana kallonsu.

"Ƙanwata, ke kika yi waɗannan?"

"Ni ce, Ukhti! Duk da hannuna!"

"Ma sha Allah, kina da hannu. Sai dai surori ne, kuma a ɗakin nan muke salla."

Na ce ta yi haƙuri, iska kawai za su sha, gobe kafin azahar zan kwashe. Ta ce to. Ranar a falo ta yi sallolinta. Wannan laifina ne, na gani, ban ɗauke shi da nauyi ba.

Laraba da safe muka tafi kasuwar Ataba. Kun san masu saƙo ba sa tsayawa a kan kaiwa, sai da kawowa: wannan abaya baƙa mai hannun roba, waccan gyale kala uku, wata ma hoton takalmi ta turo. Ataba kamar a ɗauki Kantin Kwari a zuba a cikin Sabon Gari a girgiza. Kowa yana ihu, kowa yana ce maka habibti, wato masoyiyata, mai kura yana bin ƙafarka yana "yalla, yalla," wato a yi gaba. Muka ce awa biyu za mu yi, la'asar ta same mu a can. Ni ba ni da layin Masar, wayar Yaya Hafsa na can ƙasan jaka. Na manta da taga. Wallahi shaf na manta.

Muka hau hawa shida da ledoji, ina haki ina dariya. Na tura ƙofar ɗaki.

Suna nan a jere yadda na bar su. Su goma sha biyu. Ba kai ko ɗaya.

Na ɗauka idona ne. Na matsa. Ƙananan an warware ɗinkin wuyansu a tsanake, zare-zare. Oga ba shi da ɗinkin da za a warware, don haka almakashi aka sa. Auduga ta ɓulɓulo ta saman kafaɗarsa, zaren da aka datse yana ta zamewa da kansa. A kan katifata ga farar leda an ɗaure bakinta da kyau. Na kwance. Kawunansu ne, suna kallona.

Ihun da na yi, maƙwabciya sai da ta buga bango.

Sumayya ta fito daga kicin tana goge hannu, hankalinta kwance.

"Ƙanwata, zauna tukuna. Na kira wayar Hafsa sau biyar. Ƙawayena sun zo muraja'a, bitar karatu, za mu yi tilawa mu yi salla, ga ɗaki cike da surori masu inuwa, masu jiki sukutum. Idan aka cire kai hukuncin ya faɗi. Ban zubar da komai ba, duk suna cikin ledar."

"Akwatina yana ƙarƙashin gado! A buɗe! Ki zuba su ciki mana! Ki kai su kicin! Zani ɗaya, Ukhti, zani ɗaya za ki rufa musu!"

"Da na ɓoye su, ɗakin kawai na kuɓutar. Ke fa? Ke kika saƙa su, ke za a tambaya. Ai taimakonki na yi."

Taimako. Na juya wajen Yaya Hafsa, jinina, 'yar Baffana, in ji ta tsaya min. Ta ajiye ledojin, ta gyara tsayuwa, ta ce:

"Amma Ukhti, mas'alar nan akwai saɓani a cikinta. 'Yan tsana an yi rukhsa a kansu, an sassauta."

"Rukhsar ta yara ce. Nusaiba shekararta ashirin da ɗaya."

"Malaminmu na bara cewa ya yi illar, wato dalilin hanin, ita ce girmamawa, wannan kuwa abin wasa ne."

"Wancan ƙaulin mai rauni ne, Hafsa. Bari ki gani."

Jama'a, littafi suka ɗauko. Littafi! Ɗaya ta sauko da ƙato daga kantar littattafai, ɗaya tana laluben wayarta, Larabci yana tashi kamar ana musabaƙa. Ni ina tsaye a tsakiya da ledar kawuna a hannu, ba mai ko kallona. Ban san lokacin da na daka musu tsawa ba.

"Ni ba fatawa na zo nema ba! Wata huɗu! Wata huɗu na yi! Ku buɗe min shafin da aka ce a yanka kayan baƙo ba a tambaye shi ba! Ku buɗe, ina jira!"

Sumayya ta rufe littafin a hankali.

"A nan kam kin yi gaskiya. Na taɓa abin da ba nawa ba. Ki yafe min wannan."

"Yankan fa?"

"In na ce miki na yi nadamarsa, na yi ƙarya."

Ku fahimce ni, don na san akwai masu shirin turo min wa'azi ta bayan fage. Ba da addinina nake faɗa ba. Da ta zaunar da ni ta ce Nusaiba ga abin da na karanta, ki yi tunani, wallahi zan saurara, ƙila ma in kwana biyu ina juya maganar. Amma ka sa almakashi a wahalar mutum ba ya nan, sannan ka jira ya gode maka? Wannan ba nasiha ba ce, ƙarfin hali ne.

Na ari wayar Yaya Hafsa na kira Umma ina shessheƙa. Ta saurara har na gama.

"To ki yi haƙuri mana, a ɗakin mutane kike. Man shanun Hajiya Bilki ya isa lafiya dai ko?"

Na kashe wayar.

Alhamis muka koma Ataba neman ulu. Lungu cikin lungu, har muka samu wani tsoho mai tabarau da shagonsa kamar kabad. Na ɗora masa kan Oga a tebur. Ya juya shi, ya duba inda aka datse, ya kalle ni ta saman tabarau ya tambayi wa ya yi haka. Yaya Hafsa ta yi sauri ta ce yara ne. Ya girgiza kai: "Ma'alish." Ya jero min fari kala-kala, wani kamar madara, wani kamar takarda, wani kamar haƙori. Ban taɓa sanin fari yana da dangi haka ba. Ko ɗaya bai yi daidai da na Kano ba. Na ɗauki wanda ya fi kusa. Mai tasin dawowa ya ɓata hanya, ma'alish. Wata ta taka min ƙafa a bakin gini, ma'alish. Na ce wa Yaya Hafsa wanda ya sake ce min ma'alish sai na cije shi.

Aikin ba ƙarami ba ne. Almakashin ya ratsa layi biyu a karkace, sai da na warware layi huɗu kafin in samu inda zaren yake da lafiya. Sannan in kamo idon saƙar ɗaya bayan ɗaya da allura, sama da ƙasa, in ɗinke. Na yi sau uku ina warwarewa. Yaya Hafsa ta yi fashin darasi ta zauna mayar wa ƙananan kawunansu, har ta ɗora kan mai hular direba a jikin mai tallar burodi, na ce ta bar shi, ba ni da ƙarfin wani faɗan.

Sumayya ba ta taɓa allura ba, ta ce ba za ta iya sa hannu a mayar da kai ba. Amma ita ta yi girki, ita ta yi wanke-wanke, tana ajiye mana shayi a bakin ƙofa ta koma falo, can ta mayar da sallarta da karatunta. Ranar Alhamis ko kallon abincinta ban yi ba. Juma'a yunwa ta ci ƙarfina, na ci dambun da ta yi, ya yi daɗi kuma, abin haushi. Ban ce an gode ba.

Da la'asar ɗin Juma'a na gama. Oga ya koma panda. Daga nesa lafiya lau. Daga kusa wuyansa ya gajarce, ga wani zobe mai kauri da ya fi sauran jikin haske. Yaya Hafsa ta ce in ɗaura masa ɗan ƙyalle. Na ce Sensei ba da ido take duba aiki ba.

Asabar muka tafi Mohandessin. Unguwar daban take, ga bishiyoyi, ga masu gadi, lif ɗinsu ba ya tambayar makulli. Yaya Hafsa ta tsaya a wani shagon shayi a ƙasa, na hau ni kaɗai.

Sensei da kanta ta buɗe ƙofar. 'Yar mitsitsiya, kafaɗata ma ba ta kai ba. Ta sunkuya irin gaisuwarsu, ni kuwa na manta duk abin da na koya na rungume ta. Ta sandare kamar katako, sannan ta fashe da dariya tana bubbuga bayana. "Nusaiba-san! Ashe doguwa ce ke!" San ɗin nan girmamawa ce a yarensu. Da ɗan Turancinta da ɗan nawa muke magana, kamar yadda muka saba.

Takalmi a bakin ƙofa, kamar gida. Shayi kore ba sukari, kamar an dafa ganyen zogale an ce ka sha. Amma falon, wayyo Allah! Kanta guda cike da kayan da nake gani a waya: gwangwanin biskit mai panda, mafici mai panda, kalandar kantin magani, har ƙaramin panda mai hular direba, na gaske, wanda nake kallo tun ina sakandare. Ta gasa burodi ƙanana masu fuskar panda, na ƙi cin nawa sai da na yi masa hoto goma. 'Yan ajinmu da na sani a 'yan murabba'ai a waya ga su da ƙafafunsu, muna ta ihu muna kiran sunan juna. Na raba musu ƙananan, wadda ta samu mai kan direba a jikin mai burodi ta ce nata ya fi na kowa. Na kusa awa ɗaya ban tuna da almakashi ba.

Sai aka zo ba da kyauta. Na miƙa da hannu biyu yadda suke yi. Ta karɓa da hannu biyu, ta kwance takardar ba tare da ta yaga ba, ta ninke ta gefe. Ta ɗaga Oga. 'Yan matan suka yi "Allaaah!"

Ta kifa shi, ta fara daga ƙasa, yadda take yi wa nata a bidiyo. Babban yatsanta yana bin layi ɗaya bayan ɗaya. Ta wuce ƙafafu. Ta hau tumbi, tana gyaɗa kai, bakinta yana motsi tana ƙirga. Na ga lokacin da ta gane wane darasi ne, ta ɗago ta kalle ni, idonta ya yi haske, ta koma da sauri. Ƙirji. Kafaɗa.

Yatsan ya tsaya.

Ta zagaya zoben sau ɗaya. Ta sake zagayawa. Ta cire tabarau ta matso da shi kusa da fuskarta. Sannan ta tambaye ni, a hankali, cikin tausayi:

"Nusaiba-san, a nan kika gaji?"

Maganar tana bakina. Kwana uku ina shirya ta. In ce ban gaji ba, Sensei, na kai har sama, wata ce ta yanke shi. Sai ta ce wa? In ce 'yar ƙasarmu. Ta ce saboda me? Na kalli falon. Matar nan shekara uku, in lokacin salla ya yi ita ke dakatar da darasi ta ce mu je mu dawo. Saura kwanaki ta koma garinsu, 'yan'uwanta su tambaye ta yaya mutanen can. Ga 'yan matan Masar goma sha ɗaya sun zuba min ido, ni kaɗai ce Bahaushiyar da suka taɓa sani. Kuma Sumayya ba ta nan balle ta faɗi nata da bakinta.

Na ce, "Eh, Sensei. Na gaji."

Ta gyaɗa kai. Ta dafa hannuna ta ce ba komai, wajen nan kowa yana karaya, ita ma sai a na biyar ta wuce shi. Ta ce jikin ya yi kyau sosai, in ci gaba da ƙoƙari, wata rana zan iya. Ta tashi ta ajiye Oga a kan kantar nan, kusa da gwangwanin biskit, ta ɗan sunkuyar masa da kai yadda haɓarsa za ta rufe zoben. Aka ci gaba da shan shayi.

Da na sauko Yaya Hafsa ta taso da murna tana tambaya ya aka yi. Na ce ta tare mana tasi.

Sumayya ba ta san abin da ya faru a falon ba, ban faɗa mata ba har na taho. Sensei kuma ta tashi shekaranjiya, na ga hoton akwatunanta. Oga yana cikin ɗaya daga ciki. Wata huɗu ban gaji ba ko a layi ɗaya, amma duk wanda ya ɗaga shi a can ya tambaya, za ta ce masa na ɗalibarta ce 'yar Kano, yarinya mai ƙoƙari, saura kaɗan ta iya.